Tarihin Kalmar Kayak da Samuwar Sana'ar Jagorancin Sababbin Matuƙa a Kogi

1.0 Gabatarwa

Manazarta kalmomin aro sun daɗe da lura cewa kalma kan yi ƙaura tare da abin da take nufi, amma ba kasafai takan tafi da ilimin da ke kewaye da abin ba. Wannan maƙala za ta bi sawun kalmar kayak, wato ɗan siririn kwale-kwalen da a yau ake ɗora baƙo a kansa a kogunan Turai da Amurka, a haɗa shi da jagora, ya tuƙa ko da bai taɓa riƙe filafili ba. Manufa ita ce a nuna cewa sana'ar wannan jagora ta samu ne domin cike giɓin ilimin da aka baro a gida.

2.0 Asalin Jirgin da Sunansa

Asalin kalmar shi ne qajaq a harsunan Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Jam'inta a harshen Girinlan shi ne qaannat, sigar da babu harshen Turai ko ɗaya da ya ɗauka. Qajaq jirgin farauta ne na mutum guda. Ana haɗa ƙashinsa da itacen da teku ya koro, domin ƙasar ba ta da manyan itatuwa, sannan mata su ɗinke shi da fatar wata dabbar teku mai ɗan kama da ayu. Da jikin mai shi ake auna shi, kamar yadda tela kan auna riga. Babban jirgi mai buɗaɗɗen baki kuwa, na kaya da iyali, sunansa daban ne, wato umiaq.

Abin lura shi ne, a wurin Inuwit babu wani abu wai shi sabon matuƙi baligi. Tun yaro yana ƙarami ubansa ke horar da shi, domin kifewa a ruwan ƙanƙara ajali ne ga wanda bai iya tayar da jirginsa ba. Maharbi kan sa rigar fata mai suna tuilik, ya ɗaure bakinta a bakin jirgin, ta yadda in ya kife zai juyo da kansa sama da bugun filafili ba tare da ya fita ba. David Crantz, a littafinsa na tarihin Girinlan na 1765, ya bayyana hanyoyi 10 na wannan juyi. Mai karatu da ya san Sarkawan Kabi da Yawuri ba zai yi mamakin wannan ba, domin su ma gadon ruwa suke yi, ba a rana ɗaya ake zama ɗan ruwa ba.

3.0 Daga Farauta zuwa Shaƙatawa

A shekarar 1865 wani lauya a Landan, John MacGregor, ya sa aka ƙera masa jirgin katako mai rufaffen sama, tsawonsa ƙafa 15, ya raɗa masa suna Rob Roy, ya zaga koguna da tafkunan Turai da shi. Littafin da ya wallafa kan tafiyar a 1866 ya karɓu ƙwarai, kuma a shekarar ce ya kafa kulob ɗin matuƙa a kogin Thames. Sai dai MacGregor bai kira jirginsa kayak ba. Kalmar canoe ya yi amfani da ita, wadda ita ma aro ce daga mutanen tsibiran Karibiyan ta hannun Sifaniyanci. Wannan ne mafarin ruɗanin da ya daɗe a Ingilishin Ingila, inda kalma ɗaya ke ɗaukar jirage biyu masu asali daban.

Jamusawa ne suka sauko da abin ga talaka. Daga 1907 wani tela a garin Rosenheim, Johann Klepper, ya shiga sayar da jirgi mai naɗewa, wanda ma'aikaci zai saɓa ya hau jirgin ƙasa da shi ran hutu. Jama'a suka cika koguna, alhali ba su iya juyin nan ba. Sai a 1927 wani ɗan Ostiriya, Edi Hans Pawlata, ya shahara da koyonsa. A 1936 wasan ya shiga gasar Olamfik a Balin.

4.0 Samuwar Jagora

Shekarun 1970 su ne suka haifar da sana'ar kamar yadda aka san ta yanzu. A 1972 aka yi tseren ruwa mai gudu a gasar Olamfik ta Munik, aka kuma buɗe cibiyar Nantahala a jihar Karolina ta Arewa, wadda ke kai baƙi kogi don kuɗi. A 1973 aka fara sayar da kayak na roba a Amurka. Wannan ƙira, a ganin mai nazari, ta fi duk wata gasa tasiri: jirgin fata ko na katako in ya bugi dutse ya tashi aiki, na roba kuwa sai ya ƙuje kawai, don haka mai haya zai iya miƙa shi ga wanda bai san komai ba. Aka faɗaɗa cikinsa don kada ya yi saurin kifewa, daga baya ma aka fito da wanda ake zama a bisansa.

Da jirgi ya daina buƙatar gwani, sai gwanintar ta koma jikin mutum ɗaya da ake biya. Shi ne ya san inda dutse ya ɓuya da inda ruwa ke juyawa, shi ke zaɓar wa baƙi sashen kogi mai sauƙi bisa ma'aunin nan na matakai 6, wanda ba a cika wuce mataki na 1 ko na 2 da sabon shiga ba. Darasinsa na 'yan mintoci ne a bakin gaɓa: yadda ake ɗaure rigar ceto, yadda ake riƙon filafili, da abin yi in an kife. A nan ne aka yi hannun riga da asali. Ɗan Inuwit an koya masa kada ya rabu da jirginsa. Baƙon kogin Ardèche na Faransa kuwa ana koya masa ya fice ya jira jagora.

Su kansu mutanen Girinlan sun kusa rasa wannan gado bayan shigowar jirgi mai inji. A tsakiyar shekarun 1980 matasa suka kafa ƙungiyar Qaannat Kattuffiat, suka koma wurin tsofaffin maharba irin su Manasse Mathaeussen domin koyo. A gasar da suke yi ana gwada juyi iri fiye da 30, kuma kowanne da sunansa na harshen Girinlan ake kiransa, ko da ɗan takarar baƙo ne daga Amurka ko Japan.