Hanyoyin Da Ƙamshi Ya Bi Ya Iso Ƙasar Hausa

A farkon shekarar 1824 wani Bature mai suna Hugh Clapperton ya shiga birnin Kano, ya zaga kasuwar Kurmi, ya rubuta abin da idonsa ya gane masa. Cikin hajar da ya lissafa a rumfuna har da tozali. Ya ga mata sun rina gashi da gira da shuni, ya ga maza da mata suna jan haƙoransu da furen taba. Da ya ƙarasa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai ya tarar jibda na cikin manyan kayan da garin yake fitarwa zuwa wasu ƙasashe. Ke nan shekara 200 da suka wuce, ƙamshi da kwalliya sun riga sun zama harkar fatake, da dillalanta da rumfunanta da masu cin abinci da ita.

Abin da ake kira ƙamshin gargajiya a yau yana da dogon tarihi na tafiye-tafiye. Yawancin kayan haɗinsa daga nesa suka zo, wasu a bayan raƙumi, wasu a kan jaki, wasu cikin ƙunshin alhazai. Amma daka su da gauraya su da sanin ranar da ta dace da kowanne, wannan aikin gida ne, kuma galibi aikin mata.

Hanya mafi daɗewa ita ce ta arewa. Tun bayan da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ayarin raƙuma ke ratso Sahara daga Tarabulus, su biyo ta Gadamas da Gat da Agadas, su sauke a Kano. Larabawan da ke wannan fatauci sun yi zamansu a unguwar Dandalin Turawa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka a Kano a 1851, ya bi kayan da ake shigowa da su ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙiyasta cewa turaren ƙonawa da kayan ƙamshi, musamman jawi da simbil da kanumfari, sukan kai na wuri miliyan 15 a shekara, a lokacin da wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa guda.

Kowanne cikin waɗannan ukun ya sha tafiya kafin ya iso Kurmi. Jawi ƙaron wata bishiya ce da ke tsibirin Sumatara, can Indonesiya. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne, kafin a mayar da Zanzibar da Pemba gonarsa a ƙarni na 19. Simbil kuwa saiwar wata ciyawa ce da ake haƙowa a duwatsun Ostiriya. Ɗan koli da ya baza tabarmarsa a kasuwar ƙauye, da allura da madubi da 'yan ƙulle-ƙullen kanumfari, shi ne mutum na ƙarshe a jerin 'yan kasuwar da suka faro daga wata nahiya.

Akwai kuma turaren da bai cika isa tabarmar ɗan koli ba. Barth ya lura cewa man wardi yana shigowa Kano da yawa, amma kaɗan ne ke shiga kasuwa. Sarakuna da manyan gari ake kai wa har gida, ko dai su saya, ko a ba su a matsayin gaisuwa. Tsadarsa ba abin mamaki ba ce, domin sai an tatse furen wardi tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo guda na mansa. Shi ya sa ƙamshin wardi a jikin riga ya zama shaidar mulki da wadata, kamar alkyabba da doki.

Raƙuman ba sa komawa haka nan. Cikin abin da suke ɗauka akwai jibda, wadda ake samu daga tunkun jibda. Akan kama dabbar a tsare ta a keji, a riƙa ciyar da ita, bayan 'yan kwanaki a kankare wani maiƙo da ke taruwa a wata 'yar jaka kusa da wutsiyarta. Ɗanyarta tana da ƙarfi har ta hau kai, amma in aka saka ƙanƙani cikin wani turare sai ta zaunar da shi ya daɗe a jiki. Masu haɗa turare a Masar da Turai sun san darajarta. Yau wannan kiwo ya kusan ɓacewa a ƙasar Hausa, Habasha ce ta riƙe kasuwar.

Hanya ta biyu daga kudu take, ita ce hanyar tozali. Dutsen da ake niƙawa a yi kwalli da shi ana haƙo shi a kwarin Binuwai, a wurare irin su Zurak ta ƙasar Wase da Arufu kusa da Wukari, har zuwa Abakaliki. Fatake ke saro shi su kawo arewa. A niƙa shi lukui, a zuba a tandu. Shi kansa tandun sana'a ce mai zaman kanta: a gina siffarsa da yumɓu, a lulluɓe da ɗanyar fata da aka kankare, in ta bushe a farfasa yumɓun a zazzage, sai ga ɗan gora mara nauyi da ba ya fashewa. Mata na rambaɗa kwalli, malamai da dattawa na sawa ranar Juma'a, jariri ma tun yana cikin tsumma ake zizara masa don a ce idonsa ya washe.

A nan ilimin zamani ya zo da gargaɗin da ya wajaba a ji. Wannan dutse na dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka auna kwallin da aka kawo masa daga Nijeriya, sai aka ga kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro kan murza ido ya kai hannu baki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kakanni sun yi abin da suka sani da kyakkyawar niyya, amma iyayen yau ba su da uzurin sa wa jariri kwallin dutse.

Lalle shi ne wanda bai buƙaci ayari ba, domin a gonakin gida yake fitowa. A tsinko ganyen, a shanya, a daka, a kwaɓa da ruwa, a damƙa a tafin hannu da ƙafa, a naɗe da ganye da tsumma. Mai son hannunta ya kama sosai sai ta zura shi cikin zunguru ta kwana da shi. Ƙunshin da ba shi da zane, ja ne wur ko ya yi duhu in an maimaita. Zanen fuska kuwa da katambiri ake yi.

Babban matsayin lalle a wurin aure yake. Da shi ake kama amarya, kuma a da budurwa takan yi kwana bakwai a lalle kafin a kai ta ɗakinta, ango ma ana sa shi. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda amarya ke gudu ta ɓuya, ƙawaye na kare ta, tsofaffi na nema har su kama ta su shafa mata. Daga lokacin da lalle ya taɓa ta, kowa ya san ta bar sahun 'yan mata. Yau kwanakin sun ragu, a wurare da yawa fesa turare ya maye gurbin shafa lallen a ranar kamu, zanen fure irin na Sudan da Indiya ya kori zunguru. Duk da haka da wuya a kai amarya ba ƙunshi.

Hanya ta uku, wadda ta fi barin alama a ɗakunan matan yau, ita ce ta gabas. Kafin jirgin sama, maniyyaci kan bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya tsallaka kogin Nilu, ya kai gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar kan ci shekaru, ana yi ana tsayawa neman guzuri, wasu ma ba su dawo ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira sun ci gaba da hijira ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a Sudan. Wannan kai-da-kawo ya haɗa matan Hausa da Barebari da Larabawan Shuwa da na Sudan, ilimin ƙamshi ya riƙa ratsawa daga ɗaki zuwa ɗaki.

Humra da dilka da turaren tsuguno duk suna da 'yan'uwa a Cadi da Sudan, kuma har gobe in ana maganar gwanaye Maiduguri ake fara ambata. Aikin na haƙuri ne. Mai haɗa turaren wuta takan sami itacen sandal ko hawi, ta faskara ƙanana, ta narka sukari ta juya itacen a ciki, ta zuba turarukan mai, ta rufe a kwalba ta bar shi ya yi makonni yana jiƙa. Mai humra kuma sai ta tanadi kajiji da kanumfari da almiski da farce. Farcen nan murfin bakin wani dodon koɗi ne na teku, ana kawo shi daga yankin Bahar Maliya. Sai an wanke shi sarai an soya an daka, sannan ya yi aikinsa na riƙe ƙamshi. Kowace gwana da ma'auninta, ba ta faɗa wa kowa sai 'yarta ko wadda ta yarda da ita. In an gama, kasko da garwashi da kabbasa su ne sauran aiki: a kifa kabbasa a kan kasko, a shimfiɗa tufafi, hayaƙi ya ratsa su.

Shekarar 1911 ta sauya lissafi. A cikinta layin dogo ya iso Kano, a cikinta kuma Italiya ta afka wa Tarabulus. Fataucin Sahara da ya riga ya raunana ya durƙushe, kaya suka koma shigowa ta Ikko. Ƙananan kwalabe irin su ɗan goma da ɗan duwala suka cika faifan 'yan koli, talaka ya sami turaren da zai iya saya.

Babu wanda ya yi suna a cikinsu kamar Bint el Sudan, wanda Hausawa ke kira Bintu Sudan. A 1920 aka fara haɗa shi a kamfanin W.J. Bush na Landan, bayan wakilinsu Eric Burgess ya zaga Sudan ya ga irin ƙamshin da mutanen can ke so. An yi shi da mai, ba a sa masa barasa ba, don haka Musulmi suka karɓe shi ba tare da ɗar-ɗar ba. Alhazan da ke ratsa Sudan suka riƙa sayensa tsaraba, suka yaɗa shi har Afirka ta Yamma. Kasuwarsa ta yi ƙarfi a nan har aka fara ɗura shi a Kano a 1952. 'Yar kwalbar mai hoton yarinya ta shiga lefe, ta shiga haɗin humra, ta shiga kayan wankan gawa.

Abin da ya hana wannan kasuwa mutuwa, ko da hanyoyi sun sauya, shi ne addini ya ba ƙamshi gurbi a rayuwa. Sa turare ranar Juma'a da ranar Idi sunna ce, kuma an hana mayar da kyautar turare. Ana sa wa mamaci kafur, a turara likkafaninsa. Barin ƙamshi ma ibada ne a wasu lokuta: mahajjaci ba ya taɓa turare in ya ɗaura harami, mai takaba kuma takan ajiye turare da kwalli da lalle har wata huɗu da kwana goma. Ranar da ta fita takaba, da ƙunshi da turare ake shaida cewa ta dawo cikin mutane.

Yau kayan Dubai da Saudiyya da Indiya sun cika shagunan Kano da Kaduna da Damagaram. Rikicin da ya addabi Barno tun 2009 ya tarwatsa iyalai da dama, mata da yawa suka isa wasu garuruwa ba su da jari sai ilimin haɗa turare, da shi suka ciyar da 'ya'yansu. Gyaran jiki ya zama sana'ar da ake biya a koya, 'yan mata na tallar humra a Instagram da WhatsApp.

Sai dai tarihin wannan fanni bai sami marubuta ba kamar yadda rini da saƙa da ƙira suka samu. Abin da baƙi irin su Clapperton da Barth suka rubuta na kasuwa ne, ba su shiga cikin gida ba. Sanin yadda ake haɗa turare kafin zuwan kwalba, da waƙoƙin sa lalle, da sunayen itatuwan da ake turara mai jego da su, yana bakin tsofaffin mata da tsofaffin 'yan koli, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata sassan Hausa da na tarihi a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su tura ɗalibai, musamman mata, su zauna da waɗannan dattawa su rubuta abin da suka sani tun suna raye.