Rijiya da iyaka: yadda Dantchiao ta faɗa hannun Faransa

Wanda ya taso daga Zinder ya nufi Magariya zai lura ƙasa tana sauya kama: rairayi na raguwa, gawo na yawaita, a kwarin Korama kuwa ruwa na kusa har ana noman rake. Dantchiao tana can kudu, dab da iyakar Najeriya. Wannan ni'ima ce ta hana yankin sakat.

Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarakunan Haɓe na Daura da suka rasa birninsu sun kafa Zango da Ɓaure. Damagaram kuwa, wato daular Zinder, wadda damina ba ta cika yi mata adalci ba, idonta na kan kudu. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ikonta ya game ƙasashen Sosebaki irin su Dungas da Waca. Mai hatsi yana kudu, mai bindiga yana arewa, sai haraji ya riƙa hawa.

Da Turawa suka zo, a kan takarda suka fara rabo. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Magariya da kewayenta a ɓangaren Ingila. Amma sojojin Faransa, da suka kama Zinder a 1899, sun tarar hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara ba ta da isassun rijiyoyi, ayari ba ya ratsa ta da rani sai da baƙar wahala. Ƙishirwa ce ta mai da su teburin shawara. A 1904, sannan a 1906, aka janyo layin iyaka kudu, aka amince ƙasashen da ke bin Damagaram su bi Faransa, sai Dantchiao ta faɗa ɓangarenta. Ayarin Kyaftin Tilho da takwarorinsa na Ingila suka zo suka kafa alamu.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba wanda ya tambayi mai gona. An raba dangi, wa a Nijar, ƙane a Najeriya.

Sai dai ƙasa ba ta karanta yarjejeniya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Magariya can ta nufa, don ta nan teku ta fi kusa. Ko da Najeriya ta rufe iyaka a 1984, da kuma 2019, ƙafa ba ta ɗauke ba. Har yau naira na yawo a kasuwannin yankin, dabbobin mutanen yankin kuma Maigatari ake kai su.