Masu Aiki Tsakanin Rasuwa da Sutura

Daga cikin sana'o'in da likitancin zamani ya haifar akwai wata wadda ba a cika jin labarinta ba ko a bakin ma'aikatan asibiti, domin masu yin ta ba su da ɗakin duba marasa lafiya, ba wanda ke warkewa ya komo ya yi musu godiya, kuma galibin aikinsu da dare ne, a ɗakin ajiyar gawa, cikin ɗan lokacin nan da ke tsakanin fitar rai da sutura. Su ne masu ciro abin da mamaci ya yi wasiyya da shi, ko magadansa suka yarda a ɗauka, kamar tantanin ido da ƙashi da fata da jijiya, su tantance shi, su adana, har ya kai hannun likitan da zai dasa wa mai rai. Ni ɓangaren ido na yi wa hidima, a ƙasar Indiya kuma na koyi aikin, saboda haka ta nan zan fi jan zance, ko da yake tarihin masu ƙashi da namu a haɗe yake.

A watan Disamba na 1905, a garin Olomouc da ke ƙasar Cek ta yanzu, aka kawo wa likita Eduard Zirm wani ɗan ƙodago wanda farar ƙasa mai zafi ta ƙone masa idanu biyu har hakiya ta rufe su, aka kuma yi dace a lokacin akwai wani yaro ɗan shekara 11 da ƙarfe ya shiga idonsa, ba makawa sai an cire shi. Zirm ya yanko tantanin idon yaron ya dasa wa mutumin a idanu biyu. Ɗaya ya lalace, ɗaya ya zauna garau, mutumin ya koma neman abincinsa. Sirrin nasarar, wanda aka fahimta sosai daga baya, shi ne cewa Allah ya halicci wannan tantani ba tare da hanyoyin jini ba, don haka jiki ba ya saurin yi masa bore yadda yake yi wa ƙoda ko hanta. Amma a wannan zamani babu wata sana'a tukuna, sai dai sa'a, tun da yake dole mai bayarwa da mai karɓa su haɗu a asibiti ɗaya a yini ɗaya.

Wanda ya kwance wannan ƙulli shi ne Vladimir Filatov na birnin Odessa, wanda tun daga 1931 ya nuna cewa idon mamaci ma yana yi, muddin an sa shi cikin kwalba mai danshi an sanyaya shi. Daga nan likita Townley Paton ya kafa bankin ido na farko a New York a 1944, bayan ya yi shekaru yana tuƙa mota zuwa kurkukun Sing Sing yana karɓo idanun waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa, da izininsu. Kwalbar Filatov kuwa ba ta riƙe ido fiye da kwana biyu, saboda haka duk harkar ta zama tsere: a kira mara lafiya da tsakar dare, a roƙi matuƙan jiragen sama su ɗauki ɗan akwati, har a 1962 wani likita a jihar Iowa, Alson Braley, ya tara masu rediyon hannu na sha'awa, suna haɗuwa a iska kullum suna shelar inda ido ya samu da inda ake neman sa. Masu cirowa a lokacin ƙananan likitoci ne da aka ɗora wa aikin bisa nasu, sai matan sa kai da ke riƙe da tarho.

A can gabas kuma al'amarin ya ɗauki wata hanya mai ban sha'awa. Lokacin da gwamnatin tsibirin Silon, watau Siri Lanka, ta dakatar da hukuncin rataya a 1956, idanun da likitoci ke samu daga kurkuku suka yanke, sai wani ɗalibin likitanci, Hudson Silva, ya rubuta a jarida a 1958 cewa shi ya yi wasiyya da nasa, ya kira jama'a su yi. Mabiya addinin Buda, waɗanda ke ɗaukar kyautar ido a matsayin babbar sadaka, suka amsa har abin ya fi ƙarfin bukatar ƙasar, ya zamana a firijin gidansa yake ajiya, kuma a 1964 ya aika da idanu na farko zuwa Singafo cikin fulas da ƙanƙara. Shekaru da dama Musulmin Pakistan da idanun mutanen Siri Lanka suka riƙa gani, abin da ya isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani.

In za a tambaye ni shekarar da aka haifi sana'armu, sai in ce 1974, lokacin da McCarey da Kaufman suka haɗa wani ruwa mai riƙe tantanin ido har kwana huɗu. Daga baya aka samu Optisol mai kai shi mako biyu, Turawan Yammacin Turai kuma suka bi hanyar ajiya cikin ɗumi wadda ke kai wa mako huɗu. Da lokaci ya yalwata sai aka sami damar gwada jini, da duba tantani a madubin likita, da sa wa mara lafiya rana, kuma duk wannan ya fi ƙarfin likitan da ke da tiyata a gabansa da safe. Nan ne aka bukaci mutum wanda wannan ne kaɗai aikinsa. Ƙungiyar bankunan ido ta Amurka, wadda aka kafa a 1961, ta fitar da ƙa'idojinta a 1980, ta kuma soma yi wa ma'aikata jarrabawa tana ba su shaida. Masu ƙashi sun riga mu kaɗan, domin tun a 1949 George Hyatt ya kafa wa sojojin ruwan Amurka ma'ajiyar ƙashi da fata a Bethesda, inda aka koya wa ƙananan ma'aikatan jinya na soja su yi cirowa cikin tsabta irin ta tiyata, kuma daga wannan gida ne da yawa daga magabatan sana'ar suka fito. Har yau ba a bukatar digirin likita. Mafi yawanmu daga jinya muka zo, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko ɗakin tiyata, abin da ake nema shi ne hannu marar rawa da zuciyar da ke jure kiran ƙarfe biyun dare.

Shi aikin kansa bai fi minti ashirin ba. Ka iso, ka duba sunan da ke ɗaure a jikin mamacin ka gwama da na takarda, ka bincika jikinsa daga kai har tafin ƙafa ko akwai tabon allura ko alamar cuta, ka ɗebi jini daga babbar jijiya, sa'an nan ka tada kansa, ka wanke idon da ruwan gishiri da aidin. Ka zaga da almakashi ta cikin farin ido, kamar milimita biyu ko uku daga gefen baƙin, ka ɗago tantanin da ɗan bakinsa na fari a hankali, kana kiyaye kada wani abu ya goga cikinsa, domin a can ne akwai wani shimfiɗi na ƙwayoyin halitta wanda ke tsotse ruwa don tantani ya zauna garau, wanda kuma in ya mutu ba ya sake tsirowa. In aka ƙirga a madubi aka ga bai kai 2000 a kowane murabba'in milimita ba, da wuya a dasa shi don gani. Sai ka jefa shi cikin 'yar kwalba, ka sa murfin roba a gurbin, ka rufe fatar idon, ka share fuska, yadda mai wankan gawa ba zai ga wani canji ba. Malamin da ya koya mini ya fi tsananta mana a kan wannan na ƙarshe fiye da yankan.

Amma fa kada wani ya zaci wuƙa ce ginshiƙin sana'ar. Takarda ce, kuma kusan kowane layi na takardar da muke cikawa da ran wani aka saye shi. A 1974 aka ba da rahoton wata mata a Amurka da ta ɗauki cutar ƙwaƙwalwa ta Creutzfeldt-Jakob ta hanyar dashen ido, a 1979 aka ba da na wata da ta ɗauki ciwon haukan kare, dalilin ke nan da ya sa ba ma taɓa wanda ya mutu da ciwon ƙwaƙwalwa da ba a gane kansa ba. A 1985 aka harbe wani saurayi a jihar Virginia, gwajin ƙanjamau ya nuna ba shi da ita alhali kuwa bai daɗe da kamuwa ba, sai a 1991 aka gano cewa mutum bakwai sun ɗauka daga gare shi, huɗu ta gaɓoɓi uku ta ɗanyen ƙashi; da aka tashi bin sawun sauran sassansa sai aka tarar wasu asibitoci ba su rubuta wa aka sa wa me ba. Bayan haka ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta shigo da doka a 1993. Duk ɗalibin ilmi da ya zauna gaban malamin hadisi zai gane tsarin da ya biyo baya, domin isnadi ne sak: wa ya bayar, wa ya ba da izini, wa ya ciro, da ƙarfe nawa, wa ya ɗauka, wa ya karɓa, kuma in mutum ɗaya ya faɗi daga cikin silsilar, ko aka same shi da rauni, an jefar da abin ke nan komai kyansa.

Abin da isnadi ba ya iya hanawa shi ne maƙaryacin da ya ƙirƙiro shi dungurungum. A 2005 asirin Michael Mastromarino ya tonu, wani tsohon likitan haƙori a New Jersey wanda ya haɗa baki da masu gidajen shirya jana'iza, suna sassaƙar gawarwaki sama da dubu ba da sanin iyalansu ba, suna rubuta takardun izini na jabu. Cikin waɗanda aka yi wa wannan ta'asa har da Alistair Cooke, shahararren ma'aikacin BBC, wanda ya rasu a 2004 yana da shekara 95 da ciwon daji, aka rage masa shekaru a takarda aka ce ciwon zuciya ne. An ɗaure Mastromarino a 2008, yana cikin zaman ɗaurin kuma ya mutu. A Ingila ma abin kunyar asibitin yara na Alder Hey, inda aka tara sassan jikin yara ba da izinin iyaye ba, shi ya jawo dokar 2004 kan sassan jikin ɗan Adam. A ra'ayina, duk inda aka bar kuɗi ya kusanci gawa ba tare da mai sa ido ba, to a jira irin wannan.

Saboda haka ne nake ganin mafi wuyar kujera a gidan ita ce ta mai neman izini. A Hyderabad ta Indiya, bankin ido na Ramayamma da aka buɗe a 1989 ya gane cewa katin wasiyya, komai yawan masu sa hannu, ba ya kawo ido, domin ranar mutuwa ba mai tuna kati. Sai suka ajiye ma'aikata a manyan asibitoci, waɗanda ke zama da iyalin mamaci su yi musu ta'aziyya, su bari kuka ya lafa, sa'an nan su yi tambayar sau ɗaya, in an ce a'a su yi godiya su tashi. In kuwa a gida aka rasu, ta tarho ake gaya wa iyali su rufe idanun, su kashe fanka, su sa matashi a ƙarƙashin kai, su ɗora jiƙaƙƙiyar auduga bisa fatar ido kafin mu iso, domin a ƙasa mai zafi ba a son a wuce sa'a shida.

Fukaha'u ba su yi jinkiri ba kamar yadda wasu ke zato. Mas'alar a wurinsu ita ce auna hurumin mamaci, wanda shari'a ta daidaita da na rayayye har ta hana musla, watau sassaƙar gawa, da larurar makaho mai rai. Muftin Masar, Shaihu Hasan Ma'mun, ya ba da fatawar halasci a kan ido tun 1959, majalisar manyan malaman Saudiyya ta bi a 1978, Majalisar Fikihu ta Jidda kuma a 1988 ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci bisa sharaɗin izininsa ko na magadansa, kuma ban da sayarwa. Akwai malaman da suka saɓa, suna cewa jiki amana ne ba mulki ba, mutum ba ya kyauta da abin da bai mallaka ba, hujja ce kuma da ba a raina ta. Sai dai Masar ɗin da ta riga kowa fatawa ita ce bankunan idonta suka durƙushe a shekarun 1990, bayan ƙarar da aka kai cewa ana cire idanu ba da sanin dangi ba.

Lissafin da aka buga a 2016 ya nuna mutum miliyan 12.7 ne ke jiran wannan dashe a duniya, tantani ɗaya ga mabukata 70. A ƙasar Hausa kuwa kowa ya san mai hakiya, ko ta ƙyanda, ko ta amosanin ido, ko ta rauni, ko ta wani magani da aka ɗiga. Nijeriya tana da dokar dashen ido tun 1973, dokar lafiya ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, akwai likitocin da suka iya aikin, kuma tun 2002 ake dashen ƙoda a asibitin Malam Aminu Kano, ɗan'uwa yana ba ɗan'uwa. Duk da haka yawancin tantanin da ake dasawa daga waje ake kawo shi da kuɗi mai tsada, alhali Habasha, wadda ba ta fi mu wadata ba, ta buɗe bankinta a Addis Ababa a 2003 tana cirowa daga mutanenta. Ana yawan ɗora laifin a kan gaggawar da muke yi wa jana'iza, ni kuwa ban yarda ba, domin wanda ya rasu da hantsi aka sallace shi bayan azahar ya bar lokaci ninkin abin da muke bukata. Abin da babu shi ne ma'aikacin da aka horar, aka ba albashi, aka ajiye a bakin ɗakin da ake rasuwa, wanda ya san fatawa ya kuma san yadda ake yi wa babban wa magana, tare da firiji mai wutar da ba ta ɗaukewa da ɗakin gwajin jini da ke buɗe da dare.