Inci: Kalmar da Ta Taso Daga Rumawa Ta Ƙare a Milimita 25.4

Je kasuwar kayan gini a Kano ko Kaduna ka kasa kunne. Wannan yana neman ƙusa mai inci uku, wancan yana cinikin bulo mai inci tara, wani kuma bututun ruwa mai rabin inci yake so. Mai sayar da talabijin zai ce maka tasa inci 43 ce, mai katifa ma da inci yake faɗin kaurinta. Najeriya ta koma awon mita tun shekarun 1970, yara kuma santimita ake koya musu a makaranta, amma inci ya ƙi barin bakin kafinta da birkila da tela. Kalmar ta zauna daram a Hausa har ba a jin baƙuncinta. To daga ina ta fito, kuma wa ya yanke cewa ga iyakar tsawonta?

Mu aro muka yi daga Ingilishi, "inch". Su ma Turawan Ingila aro suka yi. A tsohon Ingilishi "ynce" ake rubutawa, daga kalmar Latin "uncia", wadda ma'anarta kawai kashi ɗaya cikin goma sha biyu. Na mene ne? Na komai. Rumawa sun raba ƙafarsu ta awo, mai kusan santimita 29.6, gida 12, kowane gida "uncia". Sun raba ma'aunin nauyinsu, "libra", shi ma gida 12, kowane gida "uncia". Kalmar ta shiga Ingilishi sau biyu ta ƙofofi biyu: kai tsaye daga Latin ta zama "inch" ta tsawo, daga baya ta biyo ta Faransanci ta zama "ounce" ta nauyi, wadda muke cewa oza. Ke nan inci da oza 'yan uwa ne na jini, uwa ɗaya uba ɗaya. Son goma sha biyu da Rumawa suke yi yana da dalili: tana rabuwa biyu, uku, huɗu da shida ba tare da saura ba, ita kuwa goma biyu da biyar kaɗai take karɓa. Ga ɗan kasuwar da ba shi da takarda da alƙalami, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wuri mafi tsufa da aka ga kalmar a rubuce cikin Ingilishi ba littafin gini ba ne, ba kuma na ciniki ba. Dokar diyya ce. Sarki Ethelbert na Kent, wanda ya rasu a 616, ya bar kundin dokokin da ake ɗauka mafi tsufa a harshen Ingilishi, kuma a cikinsa an ƙayyade abin da za a biya idan an soki mutum, gwargwadon incin raunin: inci ɗaya sule ɗaya, inci biyu sule biyu, haka dai. Kundin ya iso gare mu ne ta wani kwafi da aka rubuta a Rochester wajen shekarun 1120. Wato tun ranar farko da inci ya bayyana a takarda, kuɗi da haƙƙin mutum ne suka rataya a kansa.

Abin sha'awa, yawancin maƙwabtan Ingila ba su bi hanyar lissafi wajen raɗa masa suna ba, jiki suka duba. Bafaranshe yana cewa "pouce", Ba'italiye "pollice", mutumin Holan "duim", kuma duk ma'anarsu babban yatsa. Rashawa sun ari ta Holan ɗin a zamanin sarkinsu Bitrus Mai Girma. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu, mu da muke da taƙi da kamu da gaba. Matsalar dai ɗaya ce a ko'ina: yatsan wa? Ana danganta wa Sarki Dauda na Ɗaya na Sikotland, wajen 1150, wata doka da ta ce a auna faɗin babban yatsa a gindin farce, na mutum uku, ƙato da matsakaici da ƙarami, a haɗa a raba uku. Kada ka yi dariya, wannan fitar da matsakaici ne, dabarar da har gobe ake amfani da ita a ɗakin gwaji don rage kuskure. Mutum uku ne dai suka yi kaɗan.

A Ingila kuwa gona aka nufa. Dokokin awo na ƙarni na 13 zuwa farkon na 14 sun ce ƙwayar sha'ir uku, busassu, cikakku, a jera su baki da baki, su ne inci ɗaya. Inci 12 ƙafa ɗaya. Ƙafa uku yadi ɗaya. Duk manomi ya san ƙwayar bana ba lallai ta kai ta bara ba, saboda haka a aikace sandar ƙarfe da ke ajiye a baitulmalin sarki ita ce alƙali. Amma sha'ir ɗin bai mutu ba. Lambar takalmi ta Birtaniya har yau da shi take tafiya: tsakanin lamba 8 da lamba 9 sulusin inci ne, tsawon ƙwayar sha'ir ɗaya.

Da yake kowace ƙasa da nata incin, ruɗani ya zama dole. Na Faransa ya kai milimita 27.07, ya ɗara na Ingila. Shahararren wanda abin ya shafa shi ne Napoliyon. An rubuta tsayinsa ƙafa 5 da inci 2 a awon Faransa, wato kusan santimita 168, tsayin da ba a kiran mai shi gajere a zamaninsa. Wanda ya karanta wannan adadi da awon Ingila kuwa santimita 157 zai samu. Haɗa wannan da zanen barkwancin James Gillray, wanda ya riƙa zana shi ɗan firit mai zafin kai, sai ga shi duniya ta riƙe shi a matsayin gajere shekara ɗari biyu.

Kafin mu kai ga yadda aka daidaita shi, bari mu leƙa yadda kalmar ta yi rassa a bakin Turawa, don a nan ne mai koyon Ingilishi ya fi tuntuɓe. A karin maganarsu inci ba awo ba ne, yana nufin ɗan abu ƙanƙani. Mafi shahara shi ne "give him an inch and he'll take a mile", ka ba shi inci ya ɗauki mil, wato mutumin da in an sakar masa fuska sai ya wuce gona da iri. Tsohon zubin karin, wanda yake cikin tarin karin maganar John Heywood na 1546, ba mil ya ambata ba, wani awon tufafi ne da ake kira "ell". Asalin wannan kalma damtse zuwa yatsu take nufi, kamunmu ke nan, ko da yake a kasuwar tufafin Ingila ta kai inci 45. Karin magana ne na masu sayar da yadi: ka ba mai saye ɗan ƙari, ya nemi kamu guda. Da aka daina awo da "ell", mutane suka daina gane ta, sai aka musanya ta da yadi, daga baya mil. Mil kuwa inci 63,360 ne. Zarin dai bai canja ba, ƙarin gishirin ne ya ninka fiye da sau dubu.

Idan aka ce an doki mutum "within an inch of his life", saura inci ɗaya ransa ya fita, dukan kawo-wuƙa ake nufi. "Not budge an inch" shi ne kafewa, ko gezau. "Inch by inch" sannu-sannu kwana nesa. "Every inch" kuma tun daga kai har ƙafa, kamar a ce wance malama ce gaba da baya. Kalmar ta zama aikatau ma: mota a cunkoso tana "inching", tana jan ciki. Akwai wata tsutsa da suke kira "inchworm" saboda tafiyarta, ta lanƙwashe ta miƙe kamar tela yana taƙi a kan yadi. Sunan danginta a kimiyyance, Geometridae, ma'anarsa masu auna ƙasa. Gargaɗi ɗaya: in ka ga Inchcolm ko Inchkeith a taswirar Sikotland, wannan "inch" ɗin daban ne, daga kalmar harshen Gelik "innis" ya fito, ma'anarsa tsibiri. Kama ce kawai ta haɗa su.

Mu koma kan ƙarfe. A 1824 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta ce yadi shi ne tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu a jikin wata sandar tagulla da John Bird ya ƙera a 1760, inci kuma kashi ɗaya cikin 36 na wannan tazara. Shekara goma kacal aka yi. Ranar 16 ga Oktoba 1834 ma'aikata suka cika murhun da ke ƙarƙashin zauren majalisar dattawa da tsofaffin sandunan katako da baitulmali yake lissafin bashi da su a da, wuta ta kama, ginin majalisa ya ƙone, sandar Bird ta lalace a ciki. Daular da ta fi kowacce ciniki a duniya ta wayi gari ba ta da yadi a hukumance. Dokar ta tanadi cewa in haka ta faru a dawo da shi ta hanyar auna tsawon lilon agogo mai kaɗawa sau ɗaya a daƙiƙa, amma masana suka ga wannan hanya ba ta da tabbas, suka gwammace su tattaro kwafe-kwafen tsohuwar sandar su kwatanta. Sai 1855 sabuwar sanda ta zama doka. Ita ma daga baya aka gano tana raguwa kaɗan-kaɗan da shekaru, yadda ƙarfe yakan yi.

Amurka ta bi wata hanyar. A 1866 ta ce mita ɗaya inci 39.37 ne, a 1893 kuma ta mai da mita tushen awonta. Wannan ya sa incinta ya zama milimita 25.4000508, na Birtaniya kuma wajen 25.399977. Bambancin bai fi kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Kafinta ba zai taɓa ganinsa ba. Amma mai ƙera injin da ake so a yi wani sashe a wannan masana'anta, wani a waccan, su haɗu su zauna cif, shi ya san zafinsa. Ga kuma wata: Birtaniya tana awo a zafin da ya kai kusan digiri 16.7 na Salshiyos, Amurka a digiri 20, alhali ƙarfe yana miƙewa da zafi, sandar mita ɗaya takan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita a kowane digiri.

Wanda ya warware wannan ba sarki ba ne, ba majalisa ba. Wani maƙeri ne ɗan Suwidin, Carl Edvard Johansson, wanda ya yi aiki a masana'antar bindigogi a garin Eskilstuna. Shi ya ƙirƙiro wasu 'yan tubalan ƙarfe masu santsin gaske, waɗanda ake mannawa da juna a samu kowane tsawo ake so don gwada kayan awo. Da ya tashi yin na inci, tambaya ta taso: na wa zai bi? A 1912 sai ya tsaya a tsakiya, ya ɗauki 25.4 daidai, a digiri 20, adadin da bai yi nisa da kowanne ba kuma yake da sauƙin juyawa zuwa milimita. Masana'antu suka rungumi tubalansa, Henry Ford ma ya ɗauke shi aiki a 1923. Hukumar ƙa'idojin masana'antu ta Birtaniya ta amince da 25.4 a 1930, ta Amurka a 1933. Gwamnatoci ne suka zo a ƙarshe: daga 1 ga Yuli 1959 hukumomin awo na Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu suka daidaita cewa yadi mita 0.9144 ne, inci kuma milimita 25.4 cif. A ganina wannan shi ne mafi daɗin sashen tarihin, domin doka ce ta bi bayan bita, ta sa hannu a kan abin da maƙera suka riga suka yi shekara arba'in da wani abu.

Tun daga nan inci ba shi da sandar kansa. Rataye yake a jikin mita, ita kuma mita tun 1983 ana ayyana ta ne da tazarar da haske yake ci a cikin kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa. Duk da haka Amurka ta bar wa masu safiyon ƙasa tsohuwar ƙafarsu ta 1893, don kada a sake lissafin taswirori. Bambancin kashi biyu ne cikin miliyan, wato mita biyu a kilomita dubu, abin da ya isa ya kawar da iyakar fili ko harsashin gini daga inda aka nufa in injiniya ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya. Sai ƙarshen 2022 aka yi mata ritaya.

A kasuwa kuma, inci sau da yawa suna ne kawai. Bulon da ake kira mai inci tara, a ƙa'ida milimita 225 ne, alhali inci tara na gaskiya 228.6 ne. Katakon da Amurkawa suke kira biyu-da-huɗu, bayan an busar an goge, ɗaya da rabi ne da uku da rabi. Bututu mai rabin inci, in ka sa masa tef ta waje, ya fi rabin inci. Talabijin mai inci 43 kuma daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna ta, a karkace. Faɗin allonta daga hagu zuwa dama bai kai inci 38 ba, don haka kafin ka sa kafinta ya yi mata mazauni, ɗauko tef ka auna da kanka.