Daga Iso Zuwa Fasfo: Kalmomin Neman Shiga a Ƙasar Babura

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin kalmomin da Bahaushe ke neman izinin shiga wuri da su, ta yin la'akari da Babura, garin da ke bakin iyakar Nijeriya da Nijar.

Kalma ta asalin Hausa a wannan fage ita ce "iso", wadda ta tsiro daga aikatau "isa". Baƙo ba ya wuce zaure, balle ya gurfana gaban sarki, sai an yi masa iso, wato wani sananne ya shiga ya ambaci sunansa. Zuwan Musulunci ya ƙaro "sallama" da "izini" daga Larabci, domin aya ta 27 cikin Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba da su ba. Abin lura shi ne "sallama" ta ɗauki aiki biyu: da ita ake shiga, kuma baƙo ba ya tashi sai an sallame shi.

Al'amari ya sauya bayan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka shata iyaka, Babura ta tsaya a ɓangaren Ingilishi cikin ƙasar Kano, Magarya kuwa ta faɗa ɓangaren Faransa. Sannu a hankali sababbin kalmomi suka shigo ta kafa biyu: "fasfo", "biza", "kwastan" da "boda" daga Ingilishi, "duwan" da "jandarma" daga Faransanci. Jama'a ɗaya, harshe ɗaya, amma sunan mai tsaron hanya ya rabu.

Bambancin ya wuce na lafazi. Iso ya dogara ga sanayya, domin mutum ke tsaya wa mutum. Fasfo kuwa ya dogara ga takarda da hatimi, kuma hukuma na iya ɗage amfaninsa rana ɗaya. Ko da yake yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shiga na kwana 90 ba biza, an rufe iyakar a 1984, 2019 da 2023, zumunta da fatauci suka sha wuya.

Daga ƙarshe, kalmomin aro ba su kori na gado ba. Raba musu aiki aka yi. Mutumin Babura kan nuna takarda a shingen hukuma, amma da ya isa ƙofar ɗan'uwansa a ƙasar Magarya, sallama zai yi ya jira a zaure.