Kuturtar Mage da Kuturtar Mutum: Daga Lungunan Birni Zuwa Yadakunya

Yau zan fara da tambayar da za ta ba wasunku dariya: shin mage tana yin kuturta?

Eh, tana yi. Sai dai ba irin tamu ba ce.

Duk wanda ya san cikin birni, daga Kurmi zuwa gindin Dala, ya san dalilin ajiye mage a gida. Gidan ƙasa, buhunan hatsi a ɗaki, ɓeraye na kai da komo. To a wajen wannan farautar take gamuwa da cutar. A 1903 wani likita mai suna Stefansky ya gano ƙwayar a jikin ɓerayen birnin Odessa. Sai a 1962 aka fara ba da rahoton ta a jikin maguna, a ƙasar New Zealand. Ƙulluttai ne ke fitowa a fata, yawanci a kai ko ƙafafu, wani lokaci su fashe su zama gyambo. Likitocin dabbobi sun fi kyautata zaton cizon ɓera ne ke shigar da ita. Cuta ce da ba a cika gani ba, kuma ba a san ta da kama mutum ba. Amma a kula, tarin fuka ma kan fito wa mage a fata, shi ya sa likitan dabbobi ne zai raba gardama.

Tamu kuwa, Hansen ne ya gano ƙwayarta a Norway a 1873. Dangi ɗaya ce da ta magen da ta tarin fuka. Mu a nan me aka riƙa faɗa? Wai kifi da nono, wai rantsuwar ƙarya. Ni wannan ta biyun ta fi yi min ciwo, don an haɗa wa mara lafiya ciwo da zargi ke nan.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, aka kafa mazaunin kutare a Yadakunya, 'yan mishan na SIM suka riƙe shi daga 1937. Katsina na da Babbar Ruga, Sakkwato na da Amanawa. Ku dubi sunan ma: ya da kunya. Mutum ya bar unguwarsu da danginsa, ya je ya yi shekaru ana yi masa allurar man wani icce da ake kawowa daga Indiya, mai zafin gaske, amfaninta kuma kaɗan.

Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, a Najeriya aka yi wani babban ɓangare na aikin da ya canja labarin. A Uzuakoli, can ƙasar Ibo, Dakta John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ƙwayar dapsone ta sha tana magani, ga ta da araha. Daga nan aka fara ba mutane magani suna zaune a gidajensu. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa.

Har yau ana samun sabbin masu kamuwa a Najeriya. Farkonta tabo ne mai haske a fata, wanda in an taɓa ba ka ji. A wannan matakin, wata shida zuwa shekara ɗaya na magani ya isa, tun kafin ta taɓa yatsu. Asibitin Yadakunya yana nan yana aiki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.