Gemu Ba Ya Hana Ilmi: Tarihin Karatun Manya a Birnin Kano



Duk wanda ya bi ta Ƙofar Mata da hantsi zai tarar da dattawa zaune a bakin karofi, hannuwansu sun yi shuɗi saboda baba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci wannan ƙofa cikin ayyukan faɗaɗa ganuwa na Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, marinan kuma suna cewa tun 1498 aka haƙa rijiyoyinsu. Na fara daga nan ne domin a irin waɗannan unguwanni za mu ga yadda Kanawa suka daɗe suna amsa wata tambaya: shin akwai shekarun da mutum zai kai a ce ya wuce zama gaban malami?

Amsar da magabata suka bayar ita ce makarantar ilmi, wadda ake ce wa makarantar zaure. Yaro yakan yi makarantar allo har ya sauke, sa'an nan ya kama sana'a. Daga nan sai karatun littattafai ya fara, shi kuwa ba shi da ranar gamawa. Marini ko maɗinki ko ɗan kasuwar Kurmi yakan ɗauki littafinsa bayan Asuba, ko tsakanin Magariba da Lisha, ya je zauren malami. Kowa da nasa littafin. Wani yana Ahalari ko Ishmawi, wani Iziyya, wani Risala, wani Askari, wani ya kai Muhtasar, wanda malaman Madabo suka yi suna wajen karantar da shi. In layi ya zo kan mutum, sai ya karanta Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, sauran suna saurare suna ƙaruwa. Ba rajista, ba jarrabawa, ba wanda ake tambaya shekarunsa. Mai furfura yakan zauna kusa da sa'an jikansa ba tare da jin kunya ba. In ya yi fatauci na wata shida, ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya.

Mata ma ba a bar su a baya ba a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙasar Sakkwato. Takan naɗa dattijuwa ta zama jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami, ita kuma ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa ɗaukar karatu, su koma gida su koyar. Wato a nan tsufa shi ne ma sharaɗin shugabanci, domin dattijuwa ce ke da sararin yin tafiya, kuma ita ake jin maganarta.

Da boko ya kafu, sai aka sami wani irin karatun manya. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa. An buɗe azuzuwa a birane da ƙauyuka ta hannun En'e, ana koyar da karatu da rubutu da lissafi. Hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina, don wanda ya koya ya sami abin karantawa, har zuwa 1959 da aka rufe ta. Amfanin wannan yaƙi ba ƙarami ba ne. Talaka ya iya duba takardar harajinsa, ya rubuta wasiƙarsa da kansa, ba sai ya tona asirinsa ga wani ba.

Amma akwai wani aibi tun daga sunan. Dattijon da ya haddace Alƙur'ani, yana riƙe lissafin kasuwancinsa da ajami, ba ya yarda a kira shi jahili don kawai bai san baƙaƙen Turawa ba. Da yawa irinsa suka ƙi zuwa ajin. Sa'an nan ajin yana da wa'adi: a ba da takardar shaida, a watse. Wanda bai ci gaba da karatu ba sai ya manta.

A 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, aikinta ya yi nisa har Hukumar UNESCO ta yaba masa. Gwamnatin Tarayya ta kafa tata hukumar a 1990. A waɗannan shekaru kuma makarantun Islamiyya na dare da na matan aure suka yawaita a unguwanni, inda kaka take zama aji ɗaya da surukarta.

Turai ba ta waiwayi tsofaffinta ta wannan fuska ba sai daga baya. A 1973 aka buɗe jami'ar tsofaffi ta farko a birnin Tulus na Faransa. Da tsarin ya isa Ingila a 1982, sai suka mai da shi ƙungiyoyin da mambobi ke koyar da junansu, ba jarrabawa, ba digiri. Wanda ya san zaurukan Kano ba zai ga baƙon abu a nan ba.

To, me tarihin nan yake nuna mana? Karatun dattijo yana ɗorewa ne in an kiyaye masa abu uku: lokacinsa, da mutuncinsa, da kuma yarda cewa shi ma yana da abin koyarwa. Mu koma karofin Ƙofar Mata. Rijiyoyi da yawa yau ba a aiki da su, don atamfar kanti da rinin bature sun ci kasuwar. Sanin yadda ake haɗa baba da toka da katsi, da gane lokacin da rini ya nuna, yana kan 'yan tsofaffi ne, in sun tafi sun tafi da shi. Ajin da zai koya wa irin wannan dattijo duba saƙon waya da lissafin banki, ya kamata ya ba shi dama shi ma ya zauna a kujerar malami, ɗalibanmu su rubuta abin da ya faɗa.

Ku kuma ma'aikata, doka ta ce in mutum ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, sai ya yi ritaya. Yawancinku za ku bar ofis da sauran ƙarfinku. Irin ajin da kuka tsara wa dattawan yau, shi za ku tarar ranar da kuka ajiye aiki.

Allah ya sa mu dace.